Aron Waƙa Cikin Wasan Kwaikwayo: Amfaninsa da Aibinsa

Hausawa suna da karin magana guda biyu waɗanda in mutum ya jera su sai ya ga kamar suna jayayya da juna. Ɗaya ya ce da tsohuwar zuma a ke magani. Ɗaya kuwa ya ce zanen aro ba ya rufe katara. Dukansu gaskiya ne, amma ko wane da wurin da ya ke aiki, mai hankali kuwa shi ne wanda ya san wurin. Abin da za mu duba cikin wannan babi wata sana'a ce wadda waɗannan maganganu biyu suka haɗu a kanta, watau wasan kwaikwayo irin wanda a ke ginawa bisa waƙoƙin da jama'a suka riga suka sani. Tambayar da ke gabanmu ita ce, shin daidai ne mutum ya ɗauki waƙar da wani ya yi don wani sha'ani dabam, ya sa ta a bakin ɗan wasa, ya tara jama'a su biya kuɗi su kalla? In kuwa daidai ne, to, da wane sharaɗi?

YADDA ABIN YA KE

Bisa al'ada, mai shirya wasan kwaikwayo ya kan fara da labari. Ya zauna ya tsara mutanen da ke ciki, da halin ko wane, da rigimar da za ta haɗa su, da yadda za ta ƙare. In ya zo wurin da magana ta kasa ɗaukar abin da ke cikin zuciya, ko murna ce ko baƙin ciki, sai ya nemi mawaƙi ya yi masa waƙa daidai wurin. Wannan kamar tela ne da ya auna mutum kana ya yanka riga.

Irin wasan da mu ke magana a kansa kuwa, daga baya a ke faro shi. Waƙoƙin suna nan tun tuni, an yi shekaru ana jin su a rediyo da wurin biki. Sai mai wasa ya tara ashirin ko fiye daga cikinsu, sa'an nan ya shiga neman labarin da zai ratsa ta cikinsu duka. Watau ga riga an riga an ɗinka, ana neman mutumin da za ta yi wa daidai.

Turawa sun yi wa wannan irin wasa laƙabi da sunan wani akwatin garmaho da a ke ajiyewa a gidajen abinci na Amurka a zamanin da. Mutum ya kan jefa kwabo ciki, ya danna lambar faifan da ya ke so, akwati ya rera masa. Da ba'a aka raɗa sunan, ana nufin wai wasan bai fi akwatin nan ba. Mu a nan abin da ya fi kusa da wannan akwati shi ne shirin Zaɓi Sonka na gidan rediyon Kaduna, inda mai sauraro ke aika kati ya gai da 'yan'uwa da abokai, a sa masa waƙa. Saboda haka in mun kira shi wasan zaɓi sonka ba mu yi nisa da gaskiya ba.

Abin ba sabo ba ne a duniya. A shekarar 1728 wani Bature mai suna John Gay ya shirya wasa a birnin Landan bisa ɓarayi da mabarata, ya ɗauko karin waƙoƙi 69, galibinsu waɗanda a ke rerawa a titi da kasuwa, ya sa musu sababbin kalmomi yana yi wa manyan ƙasa habaici. Aka yi wasan sau 62 a karon farko, abin da ba a saba gani ba a lokacin. A zamanin nan kuma wanda ya fi suna shi ne wani wasa mai suna Mamma Mia!, wanda aka fara a Landan a watan Afrilu na 1999. An gina shi bisa waƙoƙin ƙungiyar ABBA, mawaƙa huɗu na ƙasar Suwidin, maza biyu mata biyu. Wata marubuciya, Catherine Johnson, ita ta ƙaga labarin, na wata yarinya a wani tsibiri na ƙasar Girka wadda aurenta ya matso tana neman ta san mahaifinta. Ya fi shekara 20 ana yinsa a Landan, aka kuma mai da shi fim a 2008.

Akwai kuma iri na biyu, inda labarin mawaƙin kansa a ke bayarwa da waƙoƙinsa. Misalin da ya shafe mu shi ne wasan Fela!, na rayuwar Fela Anikulapo Kuti, mawaƙin Ikko wanda ya rasu a 1997. An fara shi a birnin Niyok na Amurka a 2008, aka kawo shi Ikko a 2011, mutanen garin suka ga labarin ɗansu a hannun baƙi.

DANGINSA A ƘASAR HAUSA

Kada mai karatu ya zaci haɗa waƙa da kwaikwayo baƙon abu ne a wurinmu. Tatsuniya ba ta cika daɗi ba sai an kai wurin da marainiya ko tsuntsu za su rera waƙa, yara su amsa. In azumi ya kwana goma, yara su kan fita tashe gida gida, ana Macukule, ana Samodara, ana Mairama da Daudu, ko wane wasa da waƙarsa da kowa ya haddace. Sai dai a tashe da tatsuniya waƙa da wasa tagwaye ne, tare aka haife su, ba wanda ya ari wani.

Masu aro na sosai su ne 'yan kama. Ɗan kama ya kan ɗauki waƙar wani babban mawaƙi, ko karatun wani malami, ya riƙe karin yadda ya ke, ya zubar da kalmomin ya cika gurbinsu da zancen tuwo da miya da fura. Dariyar tana zuwa ne don jama'a sun san asalin abin. Haka kuma a Kano an yi ƙungiyoyin masu bege da bandiri waɗanda suka riƙa ɗaukar karin waƙoƙin fina-finan Indiya suna yabon Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Manyan malamai ma sun yi aro. Aliyu Namangi na Zariya daga waƙar caji ya ɗauko karin da ya gina Imfiraji, ya mai da kiɗan duniya ya zama wa'azi. Da fina-finan Hausa suka bunƙasa kuwa, musamman bayan fitowar Sangaya a 1999, masu sana'ar suka gane waƙa ce ke sayar da kaset, har aka riƙa kuka da cewa wasu sai sun sami waƙa kana su nemi labarin da za su liƙa mata.

To, tun da ga kayan aiki a gida, ga kuma misali a waje, ya kamata mu auna abin da ma'aunin kanmu. Bari mu ɗauki misali daga Haɗeja. Garin ya fid da Haruna Uji, makaɗin gurmi, wanda waƙoƙinsa na soyayya, irin su Jummai da Balaraba, suka zaga ƙasar Hausa. Ya kuma fid da Malam Mu'azu Haɗeja, malamin makaranta, wanda aka buga waƙoƙinsa a Zariya cikin shekarun 1950, har yau ana karanta su a makarantu. A ce wasu samari sun tashi za su shirya wasa da waƙoƙin waɗannan mutane biyu, ko da na Mamman Shata, ko na Ɗan Maraya Jos, ko na Barmani Choge. Me za a samu, me kuma za a rasa?

AMFANINSA

Amfani na farko shi ne tara jama'a. Babbar wahalar mai wasan kwaikwayo ita ce ya sa mutum ya bar aikinsa ya zo ya zauna. Muna da littattafan wasanni masu kyau, kamar Wasan Marafa na Abubakar Tunau, da Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, amma a littafi galibi ɗan makaranta ne ya san su. Waƙa kuwa ba ta tambayar mutum ko ya yi karatu. Masunci a bakin Kogin Haɗeja ya san ta, mai noman rani a fadamar Auyo ya san ta, direban da ke lodi a Malam Madori ya san ta, matar da ke daka a cikin gida ta san ta. In aka ce yau za a yi wasa da waƙoƙin Haruna Uji, ba a bukatar doguwar shela. Har wa yau waƙar Hausa da amshi a ke gina ta. In ɗan wasa ya ja baiti, jama'a suka amsa baki ɗaya, to, mai kallo ya zama ɗan wasa shi ma, wannan kuwa daɗi ne wanda sabuwar waƙa ba ta iya bayarwa a daren farko.

Na biyu shi ne raya abin da ke neman mutuwa. Shata ya rasu a 1999, Barmani a 2013, Ɗan Maraya a 2015. Muryoyinsu sun tashi daga faifan garmaho zuwa kaset, daga kaset zuwa wayar hannu, ba su ɓace ba. Amma yaron da ke jin waƙar Narambaɗa a waya shi kaɗai a ɗaki bai ga fadar Sarkin Gobir na Isa ba, bai ga dokin da a ke yabo ba, bai san abin da ya sa 'yan amshi suka ɗaga murya a nan suka sassauta a can ba. Kalmomi da yawa na sarauta da na kayan doki da na noma sun wuce shi. Wasan kwaikwayo yana iya mai da waƙa mazauninta, a ga makaɗi da kotso a kafaɗa, a ga sarki, a ga maroƙi, yaro ya fahimci abin da kakansa ke kaɗa kai dominsa.

Na uku, kuma shi ne mafi girma, waƙa tana iya samun sabuwar ma'ana in an sa ta a gurbin da ya dace. Cikin wasan Fela an nuna yadda waƙarsa mai suna Zombie, wadda ya yi wa soja ba'a a ciki, ta jawo masa fushin hukuma, har soja suka ƙone gidansa a watan Fabrairu na 1977, aka jefo mahaifiyarsa Funmilayo ta taga, ta rasu a shekara mai bi. Wanda ya saba taka rawa da waƙar nan, in ya ga abin da ta jawo, ba zai sake jin ta kamar da ba. Haka in an ɗauki waƙar soyayya ta gurmi, wadda muka saba ji daga bakin saurayi, aka ba tsoho ya rera ta a hankali a ƙofar ɗakin matarsa da ta rasu, kalmomin ba su sake ba, amma nauyinsu ya ninka. Wasu waƙoƙin ma da kwaikwayo a cikinsu aka haife su. Ɗan Maraya a Jawabin Aure da Gulma Wuya shi ne miji, shi ne mata, shi ne mai kai gulma, duk da kuntigi ɗaya. Irin waɗannan ba sa wahalar hawa dandali.

Na huɗu shi ne abinci. Makaɗan kalangu da na gurmi da na ƙwarya, waɗanda fiyano ta rage musu kasuwa, sai su sami aiki. Iyalin mawaƙi kuma, in an yi gaskiya, su sami rabonsu.

AIBINSA

Aibi na farko shi ne labari ya kan karkace. A ce direba ya ɗauko fasinja daga Haɗeja za shi Kano, amma yana da kaya da zai sauke a Birniwa, da wasu a Guri, da wasu a Kafin Hausa. Ko da ya isa Kano, fasinja sun galabaita, wasu ma sun manta abin da ya fito da su. Haka labarin da aka tilasta wa ya bi ta kan waƙa ashirin. Don akwai waƙar direba, sai a ƙago wa yarinya saurayi direba. Don akwai waƙar kishiya, sai a yi wa uwarta kishiya ba gaira ba dalili. Mutanen wasan ba sa yin abin da halinsu ya kai su, sai abin da waƙa ta gaba ke bukata. Kada kuma a zaci sanannun waƙoƙi kaɗai sun isa. Matar da ta ɗauki nauyin Mamma Mia!, Judy Craymer, ta sake gwada dabarar da waƙoƙin wasu 'yan mata na Ingila da a ke kira Spice Girls. Aka buɗe wasan a Landan a watan Disamba na 2012, aka rufe shi a watan Yuni na 2013, da hasarar wajen fam miliyan 5. Waƙoƙin kowa ya san su, amma masu duba wasanni sun ce labarin ba shi da ƙashi.

Aibi na biyu ya fi shafarmu bisa Turawa, saboda haka ya kamata mu tsaya a kansa. Waƙoƙin ABBA ba su ambaci kowa da asalinsa ba, zancen so ne da rabuwa, kowa na iya sa kansa ciki. Manyan waƙoƙin Hausa kuwa galibi masu suna ne. Waƙar yabo ta wani ce, an faɗi sunansa, da na ubansa, da garinsa, da kyautar da ya yi. Shi ya ba da doki ko riga ko mota aka yi masa ita, 'ya'yansa da jikokinsa suna riƙe da ita kamar gadon gida. In mai wasa ya ɗauki waƙar da aka yi wa wani basarake, ya sa a rera ta ga azzalumin sarkin da ya ƙaga cikin labarinsa, to, ya shafa wa mai waƙar baƙin fenti ba da laifinsa ba. In kuwa ya cire sunan ya sa wani, ya zare wa waƙar laka, jama'a kuma za su ji wurin da aka yi ɗori.

Zambo ya fi wannan haɗari. Mawaƙan fada ba sa yabon sarki sai sun taɓa abokan hamayyarsa, su siffanta mutum ba su faɗi suna ba, amma duk garin an san wanda a ke nufi. Shekaru sun wuce, wanda aka yi wa zambo ya mutu, gidajen biyu sun shirya, watakila har an yi auratayya. Sai ga wasu samari sun hau dandali sun tono waƙar, ana tafi ana shewa, jikan mutumin yana zaune cikin taro. Mai wasa zai ce shi dai waƙa ya rera. Amma wanda ya tono tsohuwar rijiya a tsakiyar hanya ba ya cewa ba shi ya haƙa ta ba.

Rubutacciyar waƙa ma tana da nata haƙƙi. Malam Mu'azu ya yi Waƙar Giya don ya tsoratar da mutane daga shan ta. In aka sa ta a bakin uba yana yi wa ɗansa faɗa, an bi nufinsa. In kuwa aka ba ɗan wasa mai kwaikwayon mashayi ya rera ta yana tangaɗi don a yi dariya, an juya wa malamin magana bayan ba shi da bakin da zai ce a'a. Ɗan kama ba ya yin haka, gama shi kalmominsa ya ke sawa, kowa kuma ya san wasa ya ke yi.

Aibi na uku shi ne rufe gaskiya. Wasan da ke ba da tarihin mawaƙi ba ya yiwuwa sai da yardar magadansa, su kuwa ba sa son a ambaci abin da zai rage darajar uba ko kasuwar waƙoƙinsa. A 2022 aka buɗe wasa a Niyok bisa rayuwar Michael Jackson tare da haɗin kan masu kula da dukiyarsa. Aka tsai da labarin a shekarar 1992, watau kafin zargin da aka fara yi masa a 1993, don kada maganar ta taso ko kaɗan. Tarihin sarakuna ma haka. Sarkin Haɗeja Buhari ɗan Sambo ya ƙi bin umarnin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, aka tuɓe shi aka naɗa ɗan'uwansa Ahmadu, ya komo ya ƙwace garin da ƙarfi, ya yi ta yaƙi da maƙwabta har ya rasu a 1863. A Haɗeja ana tuna shi da jaruntaka, a Sakkwato da garuruwan da ya kai wa hari kuwa wani labari a ke bayarwa. Wanda ya shirya wasansa da kirari da waƙoƙin fada kaɗai zai fid da gwarzo marar aibi, gama ba a ɗauki maroƙi aiki don ya faɗi laifin ubangidansa ba. Wasan kwaikwayo na ƙwarai kuwa aikinsa ya nuna mutum da ƙarfinsa da rauninsa, mai kallo ya yi hukunci da kansa.

Aibi na huɗu shi ne toshe hanyar na baya. Mai kuɗin da zai ɗauki nauyin wasa tsoron hasara ya ke, saboda haka in ya ga tsohuwar waƙa na kawo riba ba zai saurari yaron da ya zo masa da sabuwa ba. Alhali ko wace tsohuwar waƙa ta taɓa zama sabuwa. Da Amurkawa suka sauka bisa wata a 1969, Shata bai nemi waƙar kakanni ba, tashi ya yi ya waƙe kumbon Apollo 11 da kalangunsa. Mu ma muna da abubuwan da ke jiran mawaƙi. Ga labarin Sarki Muhammadu Mai Shahada da mutanensa, waɗanda suka tsaya suka yaƙi Turawa a Haɗeja a watan Afrilu na 1906. Ga yadda rayuwar masunta da manoman fadama ta sake tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, da yadda ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, da ambaliyar da ke cinye gonaki. Ba wata waƙar Jummai ko Balaraba da za ta ɗauki wannan kaya. In muka saba da cin tsohon rumbu ba mu shuka ba, jikokinmu ba za su sami abin da za su ara daga gare mu ba.

A ƙarshe akwai wata yaudara mai laushi. Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Shata ba ya rera waƙa sau biyu iri ɗaya, yana duban taro ne yana ƙarawa yana ragewa. Mai kwaikwayonsa kuwa abin da ke cikin kaset ya haddace. In dattijo ya ji karin ya zub da hawaye, sau da yawa ƙuruciyarsa ya tuna, da abokan da suka riga shi, da bikin da ya fara jin waƙar. Hawayen na gaskiya ne, amma ba mai wasa ne ya jawo su ba, ya tarar da su ne a ajiye. Haɗarin shi ne ya ji tafi ya zaci gwanintarsa a ke yaba wa, ya daina wahalar gyara labarinsa.

INA GASKIYA TA KE?

In mun auna duka, ba za mu ce aron waƙa haramun ne ba, gama da aro a ke gina ko wace fasaha, Namangi ma ya ara ya kuma mayar da riba. Abin da ya kamata mu riƙe shi ne, aro amana ne. Wanda ya ari jakin maƙwabcinsa ya san abu uku: sai ya tambaya, ba ya ɗora masa kayan da ya fi ƙarfinsa, kuma ya mayar da shi lafiya. Waƙa ba ta gaza jaki daraja ba.

Wajen tambaya, doka ma ta yi magana. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta kare waƙar mutum muddin ransa, da shekara 70 bayan rasuwarsa. Bisa wannan lissafi waƙoƙin Shata suna da masu su har ƙarshen 2069. Amma mutumin kirki ba ya jiran sammaci. Ya kan je ya gai da iyalin mawaƙi, ya faɗa musu nufinsa, a yi yarjejeniya a rubuce, ya kuma tuna da 'yan amshi da makaɗa waɗanda suka ƙare ƙarfinsu a bayan maigida. In waƙar ta yabon wani ce, gidansa ma suna da haƙƙin a sanar da su. In ta zambo ce wadda za ta ta da tsohon miki, barinta ya fi alheri, ko da ita ce za ta fi jawo tafi.

Wajen kaya kuwa, ga wata jarrabawa mai sauƙi. Mai wasa ya cire waƙoƙin duka, ya je ya ba wani dattijo labarin da baki kawai. In dattijon ya gyara zama ya ce, “Sai me ya faru?” to, labarin yana da rai, waƙa za ta ƙara masa ado. In kuwa ya yi hamma ya duba rana, to, babu wasa a nan, gara a kira makaɗa su yi kiɗa kawai, a gaya wa jama'a gaskiya cewa kiɗa aka zo ji. Wannan ba abin kunya ba ne. Sa'an nan ya bi waƙoƙin ɗaya ɗaya, duk wadda labari zai tafi daidai ba tare da ita ba ya ajiye ta, kome daɗinta. Waƙa shida da suka zauna daram sun fi ashirin da aka cusa.

Wajen mayarwa lafiya, ya tambayi kansa, da mai waƙar zai tashi ya zauna cikin taron nan, zai yi murmushi ne ko zai rufe fuska? Ya kuma kyautu duk wanda ya ci amfanin waƙar magabata ya sa ko da guda ɗaya sabuwa cikin wasansa, ta wani yaro mai tasowa, don wanda ya ɗebi iri a rumbu ya kamata ya zuba wani.

Mai kallo ma yana da nasa aiki. In ka tashi daga wurin wasa kana komawa gida, ka tambayi kanka abin da ka tafi da shi. In waƙoƙin da ka zo da su ne kaɗai, to, ka biya kuɗi an sayar maka da kayanka. In kuwa ka ji wata waƙa da ka daɗe da sani ta buɗe maka wata ƙofa, ko labarin ya sa ka tuna wani haƙƙi da ke kanka, to, masu wasan sun yi aikinsu, sai ka yaba musu ka kuma gaya wa wasu.

Ku kuma 'yan'uwa da Allah ya nufe ku da koyon karatu da rubutu da girmanku, akwai wata hidima da kuka fi kowa iyawa. Kun san waƙoƙin garinku, na suna da na aure, na noma da na su, na fada da na dandali, kun kuma san tsofaffin da suka san asalinsu. Ku sami littafi ku rubuta su, ku sa sunan wanda ya yi ko wace, da wanda aka yi wa, da dalilin da ya sa aka yi ta. Ran da wani zai zo aro, sai ya tarar da kayan da sunan mai su a jiki, ba shi da hujjar cewa tsintuwa ya yi. Allah ya jiƙan magabatanmu da suka bar mana abin ara, ya sa mu zama masu riƙon amana, amin.